Gudun Asabar, Ɗingishin Litinin



Duk wanda ya bi ta bakin tafkin Jabi ko filin wasa na Moshood Abiola da safiyar Asabar ya san cewa gudu ya samu shiga a Abuja. Za ka ga manyan ma'aikata da tumbinsu, ka ga matan aure da hijabi da kambas, ka ga samarin da ke shirin zuwa tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, har da dattawan da likita ya tsorata da maganar hawan jini. Ni ma ina cikinsu. Shekara shida ke nan ina sassarfa sau uku a mako, kuma ba na fatan dainawa. Sai dai aikina na harhaɗa magunguna ya sa ina ganin ɗaya rabin labarin, wanda ba a ɗora hotonsa a Facebook. Ranar Litinin da Talata mutanen nan ne dai suke shigowa kantinmu suna ɗingishi, wannan yana neman man zafi, wancan yana neman bandeji, mafi yawansu kuma abu ɗaya suke tambaya: ƙwayar da za ta kashe ciwon nan take don su koma gudu.

Kafin in zo kan ƙwayar, bari in faɗi dalilin da ya sa ciwon yake zuwa, domin wanda ya gane wannan ya rage wa kansa zuwa wurinmu.

Sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci ɗaya. Zuciya da huhu da jini masu saurin koyo ne. Cikin 'yan makonni ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya tana tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka tana ƙwarewa wajen amfani da iska, sai mutum ya ga hakin da yake yi a makon farko ya ragu sosai. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara da ke bayan diddige, su kam ɗalibai ne masu nawa. Jinin da ke isa ga jijiya kaɗan ne, ƙashi kuma sai ya rushe wani ɓangare na tsohon gininsa kafin ya ɗora sabo, don haka watanni suke buƙata. A tsakanin nan ne ake samun matsala. Mutum ya kai mako na huɗu ko na biyar, numfashi ya daidaita, ƙirji yana ce masa ƙara, shi kuwa ƙwauri bai gama shiri ba. Ga shi duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Mai kilo 90 ya lissafa wannan, sannan ya tuna cewa a kilomita biyar kacal zai yi taku dubbai.

Shi ya sa mafi yawan raunin masu gudu ba faɗuwa ce ke kawo shi ba. Tarawa ce. Ciwon gaban gwiwa da ke tashi idan ana saukowa daga bene, zafin gefen ƙwauri, ciwon tafin ƙafa da ke sa takun farko na asuba ya zama kamar an taka ƙusa, ciwon agara, duk asalinsu ɗaya: an ɗora wa wurin aikin da ya fi ƙarfinsa, ba a ba shi lokacin gyara ba. Ƙarfin da ake nema ma ba a kan titi ake samunsa ba, a ranar hutu da cikin barci jiki yake gina shi.

Tsarin rayuwarmu a nan Abuja yana taimaka wa wannan matsala. Mutum ya fito daga Kubwa ko Lugbe ko Nyanya tun duku-duku, ya zauna a mota cikin cunkoso, ya zauna a ofis, ya sake zama a mota, kwana biyar a jere. Ranar Asabar sai ya tashi zai rama bashin mako guda cikin awa biyu, kuma a cikin ayarin abokai, inda ba wanda yake so a ce shi ne na baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. A ganina, ga wanda bai saba ba, raba wannan gida uku ko huɗu ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

To, mu koma kan ƙwaya, inda nan ne fagena.

Kwanakin baya wani bawan Allah, ma'aikacin gwamnati da ya haura hamsin, ya shigo ya ce, "Hajiya, a ba ni diclofenac kati biyu, mai ƙarfin nan." Na san shi, domin a wurinmu yake karɓar magungunan hawan jininsa duk wata: lisinopril da wani mai sa fitsari. Na ce, "Alhaji, lafiya? Wa ke ciwo a gida?" Sai ya yi murmushi ya ce shi ne, ai ya fara gudu kamar yadda likita ya ce, kullum bayan sallar asuba, yau kwana ashirin bai yi fashi ba. Ƙwaurinsa na dama ne ke damunsa, amma wani abokinsa ya koya masa dabara: ya haɗiyi ƙwaya ɗaya kafin ya fita, sai ya yi gudunsa lafiya lau.

Na roƙe shi ya zauna. Abin da na faɗa masa shi ne zan faɗa muku.

Diclofenac da ibuprofen da piroxicam da danginsu suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki sarrafa wasu sinadarai masu kawo zafi da kumburi. Matsalar ita ce waɗannan sinadaran suna da wani aikin: su ne ke buɗe hanyoyin jinin da ke shiga ƙoda a lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Mai gudu kuwa yana zubar da gumi, jininsa ya karkata zuwa tsoka da fata, ƙoda tana samun ragowa. Idan a wannan hali aka toshe mata ɗan abin da take kare kanta da shi, tana iya jin rauni. Idan kuma mutum yana shan maganin sa fitsari da irin su lisinopril, an haɗa mata abu uku ke nan a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ya karanci harhaɗa magunguna an gargaɗe shi a kan wannan haɗin tun yana makaranta. Ban da haka, waɗannan ƙwayoyi suna ɗaga hawan jinin da ake gudun dominsa, suna kuma cin bangon ciki, balle a sha su da asuba ba a karya ba.

Ko da a ce ƙoda ta tsira, akwai sauran magana. Ciwo ɗan aike ne. Wanda ya rufe masa baki ya ci gaba da taka ƙafar, ƙashin bai daina lalacewa ba, labarin ne kawai ya daina isowa. Na ce wa Alhaji ya nuna mini inda ke ciwo. Da a ce ya shafa wuri mai faɗi a gefen ƙwauri, da na ce masa ya huta ya rage. Sai ya sa yatsa ɗaya ya nuna wuri guda a kan ƙashin, ya ce har da dare yana masa zogi. Wannan alama ce da ke sa a yi zargin ƙashi ya fara tsagewa saboda yawan aiki. Irin wannan tsagewa sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi a makonni biyu ko uku na farko, don haka hoton da ya fito fes ba ya wanke ta. Ban sayar masa da ƙwayar ba. Na tura shi ya ga likita, a duba ƙafar, a kuma auna masa aikin ƙoda. Bai ji daɗi ba, har ya ce mini wani kantin ba za a yi masa wannan dogon turanci ba. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ke damuna ke nan. Na ƙara masa da cewa kada ya kai ƙafar wurin mai ɗori a murza. Masu ɗori suna da inda suka iya, amma ƙashin da ya tsage hutu yake so, murza ba ta ƙara masa komai sai wahala.

Wanda ya dawo daga gudu jikinsa ya yi tsami, wannan daban ne. Tsamin jiki yakan tsananta kwana ɗaya ko biyu bayan aikin da ba a saba ba, ya wuce da kansa. Idan ya matsa, paracetamol ya wadatar, ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada baligi ya wuce takwas cikin awa 24, kuma ya duba ko maganin murar da yake sha ma yana ɗauke da shi. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya sauƙi ga ƙoda da ciki, tunda kaɗan ne ke shiga jini. Amma idan tsamin ya yi tsanani, tsoka ta kumbura, fitsari ya koma kalar shayi ko lemon kwalba mai duhu, wannan asibiti ne a ranar, domin tsoka ce ke narkewa tana zuba cikin jini.

Samarin da ke shirin tantancewa kuma nasu ya fi wannan muni, domin tramadol wasunsu suke nema, wai don kada su ji gajiya. Ba ma bayarwa sai da takardar likita. Yana kawo jiri da farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Iyaye, idan yaro yana atisaye kuna ganin ƙwayoyi a aljihunsa, ku tambaya.

Akwai wani maganin da ba a cika danganta shi da gudu ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ciprofloxacin, da 'yan uwansa levofloxacin da ofloxacin. A ƙasar nan da zarar zazzaɓi ya kwana biyu sai a ce taifot ne, a sayo sifro a sha kamar gyaɗa. Wannan rukunin magunguna yana raunana jijiya, musamman agara, har takan tsinke. Tun shekarar 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi mafi girma game da haka a takardar maganin. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon ƙoda, da wanda ke shan prednisolone ko dexamethasone, wanda kuma mun san wasu matanmu suna sha don ƙiba. Yana iya faruwa cikin kwana biyu da fara shan maganin, yana kuma iya faruwa watanni bayan an gama. Wanda agararsa ta tsinke yakan ce ji ya yi kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, ya waiwaya bai ga kowa ba. Daga nan sai watanni na jinya, wani lokaci har da tiyata. Don haka duk wanda likita ya rubuta wa wannan magani, ya gaya masa cewa yana gudu, ya ajiye gudun har ya gama, ya dawo a hankali. Idan ya ji zafi ko kumburi a bayan diddige, ya dakatar da maganin ya koma wurin likita a canza masa. Wanda ma yake zazzaɓi, kowane iri ne, ba shi da abin yi a kan titi sai ya warke.

Masu ciwon suga da ke shan glibenclamide ko suke allurar insulin, suganku na iya faɗuwa ana cikin gudu ko bayan an dawo. Kada ku fita ba dabino ko alewa a aljihu. Masu shan atenolol kada su biye wa agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, domin maganin yana riƙe bugun. Masu asma, lokacin hunturu da hazo ya rufe Dutsen Aso, abin shaƙarku ya zama yana tare da ku.

Zafi kuma, wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Abuja ba sai an ba shi labari ba. Jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba aiki cikin zafi, kuma gudun ƙarfe tara na safe a wannan lokaci neman magana ne. Hanya mai sauƙi ta sanin ruwan da ka zubar ita ce hawa sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce, wato ruwan leda biyu. Wannan ba kitse ba ne ya narke, ina faɗa ne saboda masu sa rigar leda ko suwaita a cikin rana don su yi gumi. Ruwa ne kawai, zai dawo da zarar sun sha, idan ba su faɗi kafin nan ba. Ɗura ruwa fiye da kima shi ma yana da nasa haɗarin. A gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston ta 2002 an auna jinin 'yan gudu 488, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma babban dalili shi ne yawan shan ruwa. Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa zalla gwargwadon ƙishirwa ya isa. Lemukan ƙara kuzari na gwangwani ba su da gurbi a nan. Wanda kuma yake da rukunin jini AS, kuma muna da yawa a Najeriya, yana iya gudunsa, sai dai ya kiyayi haɗa zafi da ƙishirwa da gudun a-mutu-ko-a-yi-rai.

Sau da yawa ana tambayata ko gaskiya ne gudu yana cinye gwiwa. Surukata ma ta sha faɗa mini haka. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya samu ciwon sanyin gwiwa ko ƙugu ga kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lafiya, kashi 10.2 ga marasa motsa jiki, kashi 13.3 kuma ga 'yan gasa masu gudu mai yawan gaske. Ke nan zaman kujera ya fi sassarfa cin gwiwa. Abin da ke kare ta shi ne ƙarfin cinya da ɗuwawu da sha-raɓa. Tsugunno da tashi, hawa matakala ɗaya da sauka, ɗage diddige a tsaya a kan yatsu, minti goma sha biyar sau biyu a mako a tsakar ɗaki, sun fi duk wani bandejin gwiwa da nake sayarwa amfani, kuma kyauta ne.

Game da yadda za a fara, ba ni da wata dabara da ta wuce haƙuri. Mako biyu na farko a yi tafiya mai sauri kawai. Daga nan a riƙa sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti biyu, ana maimaitawa har minti ashirin, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Kowane mako a ɗan ƙara sassarfar a rage tafiyar. Cikin wata biyu zuwa uku yawancin mutane suna kai minti talatin ba tsayawa. Ma'aunin sauri kuwa shi ne hira: idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Kada wannan ya zama abin kunya. Manyan 'yan gudun duniya, irin su Eliud Kipchoge na Kenya da ya yi kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019, mafi yawan atisayensu a hankali suke yin sa. 'Yan uwanmu na Filato, yaran Pankshin da Jos da suke yawan zama kan gaba a cikin 'yan Najeriya a gasar Legas, su ma shekaru suka yi suna hawa da sauka a duwatsunsu kafin a san su. Kada a ƙara nisa da sauri da hawan tudu a mako ɗaya. A zaɓi guda. Tuddan Maitama da Asokoro suna da daɗin hawa, amma gangarowa da gudu ita ke dukan gwiwa.

Takalmi ba sai mai tsada ba, wanda ƙafa ta sake a cikinsa shi ne naka, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800. Masu sayen na gwanjo su duba ƙasan da kyau, su danna tsakiyar. Wani takalmin samansa sabo ne, cikinsa kuwa mai shi na farko ya riga ya cinye. Masu fita da asuba a kan kwalta su bi gefen hagu suna fuskantar motoci, su sa kaya masu haske, su cire abin kunne ko da guda ɗaya.

'Yan uwana mata, mai jego ta ba jikinta aƙalla wata uku kafin ta fara gudu, ta fara da tafiya. Idan fitsari yana zubowa yayin gudu, ko ana jin nauyi a mara, wannan abu ne da ake magancewa, a faɗa wa likita ba kunya. Wadda take jin kasala da haki fiye da kima ta auna jininta, domin ƙarancin jini ya yi yawa a cikinmu. Wadda kuma al'adarta ta ɗauke bayan ta haɗa gudu da rage cin abinci, jikinta ne ke cewa abincin bai isa ba, kuma ƙashinta ne zai biya.

Akwai alamun da ba a yi musu haƙuri ko kaɗan: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, suma, bugun zuciya da ya rikice, hakin da ya fi ƙarfin aikin da ake yi. Manyanmu suna tuna Samuel Okwaraji, matashin ɗan ƙwallon da ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, kuma zuciya ce. Wanda yake da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda, ko aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, ya ga likita kafin ya sayi kambas. Idan zai je, ya zuba duk magungunan da yake sha a leda ya tafi da su, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari da aka ba shi a wurin motsa jiki.

Wasu daga cikinku sun aiko da tambaya kan gudu a lokacin azumi, ko kafin buɗa-baki ya fi ko bayan tarawi, da yadda masu shan maganin suga za su yi. Wannan sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.